Wasiƙa Daga Mancesta: Maganar Gonar Fadama

Mancesta, Ingila
28 ga Disamba, 2025

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da dukan mutanen gida. Ya sanyi, ya gajiyar kaka? Ina fata an gama sussuka lafiya an kimtsa abin da Allah ya hore. Ni ma ina nan ƙalau, sai godiya.

Na san za ka yi mamakin ganin dogon rubutu daga gare ni, alhali kusan kullum muna gaisawa a waya. Maganar da ka taso da ita daren Juma'a ce ta fi ƙarfin waya. Kana faɗi ina cewa "to, to", domin kai babba ne, ga kuma Inna a gefe tana saurare. Mun rabu ka ɗauka na amince. Gaskiya ban amince ba, Yaya. Ban goyi bayan a sayar da gonar fadama don a turo Auta karatu nan ba, kuma don Allah ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Garin nan a rufe yake ranar Alhamis, ranar Kirsimeti. Tun cikin Nuwamba suka kafa rumfunan katako a tsakiyar gari, fitilu ko'ina, jama'a na ta hada-hadar sayen kyaututtuka, amma ranar 25 ɗin kanta sai ka rantse an yi dokar hana fita. Jirgin ƙasa ba ya tashi, manyan kantuna a kulle, kowa ya shige gidan iyayensa. Wanda ba shi da kowa a ƙasar nan, a wannan makon yake sanin haka. Ga kuma duhu. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk cikin abin da bai kai awa huɗu ba ake yin su, idan ka yi sakaci da alwala ɗaya sai ka ga sun haɗe maka. Ku can hunturu yana zuwa da hazo da tsagewar leɓe amma rana tana nan, a fito bakin zaure a sha hantsi. Nan babu hantsin da za a sha.

Ni aiki na yi ranar Kirsimeti, a gidan kula da tsofaffin da nake gaya maka. Mu Musulmi mukan karɓi aikin wannan rana don abokan aikinmu su samu zuwa gida, su kuma su riƙe mana ranar Sallah. An yi wa tsofaffin ado, an saka musu hular takarda, an dafa talotalo. Waɗansu 'ya'yansu sun zo da jikoki, waɗansu kati kawai aka aiko musu. Ba na zagin mutanen nan, Yaya, da yawa aiki ne ya watsa su kamar yadda ya watso ni, kuma ni da nake ba uwar wani abinci a baki tawa uwar kai ke kai ta asibiti. Ba ni da bakin magana.

A cikinsu akwai wata tsohuwa da ta haura casa'in, kunnenta ya yi nauyi ƙwarai, amma idan ta kalli bakinka ba abin da ke wuce ta. Ta ce a masaƙa ta koyi haka tun tana budurwa, domin ƙarar injuna ba ta barin a ji magana, sai dai a karanta leɓe. Da na ce mata daga ƙasar auduga na fito, kakana ma manomin auduga ne, sai ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce ba ta taɓa tambayar daga ina dilolin suke zuwa ba.

Tun daga lokacin na shiga bin diddigin abin. Ashe a garin nan aka kafa kamfanin BCGA a 1902, wanda tsofaffinmu suka san shi da injinan gurza na Funtua da Malumfashi. Masu masaƙun yankin nan ne suka ji tsoron dogaro da audugar Amurka kaɗai, suka bazama neman inda za a noma musu. Don haka aka kawo mana irin auduga na waje, aka buɗe gonar iri a Daudawa, layin dogo kuma ya biyo ta Funtua ya wuce Gusau har Ƙaura Namoda. Audugar da Kaka yake labtawa jakuna ya kai fuloti, a auna, a ba shi abin da aka ga dama, ƙarshenta nan take sauka. A tsakiyar gari akwai wani katafaren gini, Royal Exchange, inda 'yan kasuwa suke taruwa su yanke farashin auduga da zare. An daina ciniki a cikinsa a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma allon farashin yana nan a maƙale can sama da lambobin ranar ƙarshe, ba wanda ya goge. Na tsaya a ƙarƙashinsa ina tunanin a nan ake yanke wa Kaka ko zai yi wa Goggo kayan ɗaki bana ko sai baɗi, shi kuwa bai san da ginin ba har ya koma ga Allah.

Tsofaffin masaƙun unguwar Ancoats yau gidajen haya ne masu tsadar gaske. Na Kakuri a Kaduna kai ka fi ni sanin yadda suka ƙare. Turawan sun tafi, fuloti ya mutu, shirin noma na Bankin Duniya da aka kawo Funtua a 1975, wanda Baba ya samu garmar shanu da taki a cikinsa, shi ma ya zo ya wuce. A duk wannan jujjuyawar, abin da gidanmu bai taɓa rasawa ba shi ne wannan fadamar. Da auduga ta faɗi aka koma masara, da masara ta yi tsadar taki aka haɗa da waken suya da dawa, da rani a zuba tumatir. Ita ta biya min kuɗin jarrabawa, ita ta yi auren 'yan matan gidanmu duka.

Yanzu ga lissafin da ban iya yi maka a waya ba, bisa farashin ƙarshen 2025. Digiri na biyu na shekara ɗaya, ga ɗalibin waje, mafi yawa daga fam 15,000 ne zuwa sama. Bizar ɗalibi fam 524. Kuɗin lafiya fam 776 a shekara, kuma tun kafin ka taso ake biya. Sai an ga shaidar kana da kuɗin ci da kwana a banki, sama da fam 1,100 na kowane wata har wata 9, wannan ma ga wanda ba Landan za shi ba. Fam ɗaya yana neman naira 2,000. Idan ka tara, an haura naira miliyan 50 ba a yi maganar tikiti ba. Ka gaya min tsakani da Allah, ko dillali ya yi mana adalci, fadamar za ta kai haka? Abin da zai faru shi ne a biya kashin farko, a ce sauran zai nema idan ya iso. To ɗalibi awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, mafi ƙarancin lada kuwa fam 12.21 ne a awa. Wajen fam 1,000 ke nan a wata, idan ya dace da aikin. Ɗakin da nake ciki, a gidan da muke haɗa kicin da banɗaki da waɗansu, yana cinye fiye da rabin haka. Me ya rage na kuɗin makaranta?

Ba ƙirƙira nake ba. A 2024, bayan darajar naira ta rushe, ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da waɗansu, aka ce su bar ƙasar. Mutane ne da suka zo da lissafinsu daidai, canji ya karye a ƙarƙashinsu. Ni tallafin karatu ne ya kawo ni, ba a sayar da ko akuya ba, duk da haka akwai watannin da na sha wuya.

Ko ya gama lafiya, ƙofar zama sai ƙara tsukewa take yi. Izinin aiki na shekara biyu da ake ba wanda ya kammala, irin wanda nake kai yanzu, za a rage shi zuwa wata 18 daga Janairun 2027, wato daidai lokacin da Auta zai buƙace shi. Kamfanin da zai ɗauki nauyin bizarka, a ƙa'idar gama-gari sai albashin ya kai fam 41,700 a shekara. Ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje kuma an rufe shi tun watan Yulin bana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hotunan da Auta yake gani a Facebook, na abokansa sanye da rigar sanyi a gaban filin wasa na Old Trafford, gaskiya ne, ni ma na ɗauki irinsu na turo muku. Ba wanda yake ɗaukar hoton kansa da ƙarfe biyar na asuba a tashar bas cikin ruwan sama.

Na san abin da za ka ce, kuma kana da hujja. Kai ke cikin rana, ni ina nesa ina ba da shawara. Ka ce min bana buhun masara bai sayen buhun taki, wanda ya ci bashi ya yi noma ya shiga uku. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin huɗa da na ɗauko amfani da na man injin ban-ruwa suka ninka, sannan aka buɗe ƙofar shigo da hatsi farashi ya karye a hannun manomi. Ga rashin tsaro. Ranar da aka kai hari masallacin Unguwar Mantau a watan Agusta, ana tsakar sallar Asuba, ina bakin aiki labarin ya same ni, hannuna na rawa na yi ta kiran wayarka ba ta shiga. Har yau idan waya ta yi ƙara da tsakar dare sai gabana ya faɗi. Na ji an yi sulhu a ƙananan hukumomi da dama, ka ce an samu an kwashe amfani bana ba kamar bara ba. Allah ya ɗorar. Amma na fahimci mutumin da ya ce gara ya mai da ƙasa kuɗi tun tana da mai saye.

Sai dai ka duba, Yaya, a irin wannan shekarar mai sayarwa shi ne a ƙasa. Kowa ya san manomi ya ji jiki, masu kuɗin gari suna zagaye suna tayawa da arha, kuma ba don noma ya mutu suke saye ba. Tamu tana kusa da titi, ba ta cikin daji, ruwanta ba ya ƙafewa da wuri. Sannan gado ce. Inna tana da tumuninta a ciki, 'yan'uwanmu mata suna da rabonsu, kuma na san halinsu, idan ka tara su za su ce "duk yadda kuka yi daidai ne" alhali ransu bai so ba. Idan aka sayar aka tura mutum ɗaya, an ɗora masa bashin gida gaba ɗaya tun bai sauka daga jirgi ba. Na ga samari a nan da ke ɗauke da irin wannan kaya. Ba sa iya komawa, ba sa iya faɗin gaskiyar halin da suke ciki, sai su daina ɗaga waya. Jingina ma ban so ba, don ka san gonar da aka jinginar da wuya take dawowa.

Ga abin da nake ganin za mu iya. Daga Janairu zan riƙa turo wani abu kowane wata, a ware shi don taki kaɗai, a saya tun da rani kafin ya hau. Masarar da ke ajiye kada a fitar da ita kasuwar Dandume yanzu idan ba dole ba, a zuba magani a jira, abin cefanen azumi ni zan ɗauka, tunda ga mu a Rajab. Auta kuwa ba cewa na yi ya haƙura da karatu ba. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya fi ni. Ya nemi gurbin digiri na biyu a ABU Zariya, tunda fannin noma ya karanta ga Samaru nan kusa, ya riƙa zuwa yana duba noman rani. A lokaci guda mu nemi tallafi, akwai Commonwealth, akwai Chevening, ita wannan tana son mutum ya yi aikin shekara biyu tukuna. Ni zan zauna da shi mu rubuta takardun, kuɗin jarrabawar Turanci ma ni zan biya. Idan ya samu ya zo da ƙafarsa, ba da gonar ubansa ba, ɗakina nasa ne. Kada ka karanta masa wannan wasiƙar, bari ni in kira shi, don kada ya ɗauka na haye na janye tsani.

Ni kaina izinina zai ƙare ƙarshen shekara mai kamawa. Ina neman aiki a fannina, amma na yi wa kaina iyaka: ba zan zauna ba takarda ba, ba kuma zan shiga wani karatun don kawai in tsawaita zama ba. Idan bai samu ba zan tattaro in dawo, kuma ina so in tarar da inda zan sa garma. Wannan ma yana cikin dalilina, ban ɓoye maka ba.

Akwai wanda zai taho nan cikin Janairu, ya ce yana da sararin kilo kaɗan. A sa min kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajin Inna. Kada a sa kilishi ko dambun nama, ba a yarda a shigo da nama ba, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Maganin hawan jinin Inna kada a bari ya yanke, na tura kuɗinsa daban jiya, ka duba. Ka gaida min ita da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu da Goggo, da maiɗakinka da yara, da Liman da mutanen majalisa. Idan ka karanta ka kira ni bayan Isha'inku, ranar Talata ba ni da aikin dare.

Wassalam.

Naka,
Ƙaninka