Shuɗi da Ja a Kasuwar Libiya

Duk wanda zai sayar da rigar ƙwallo a Omdurman, abin da zai fara koya shi ne inda zai rataye ta. Shuɗiya gefe guda, ja gefe guda, a tsakani a saka ta Barcelona ko ta Real Madrid don raba faɗa. A shagon wani dattijo Bahaushe na koyi wannan, cikin Kasuwar Libiya, shekarun da nake karatu a Khartum ina zuwa taya shi ciniki ranakun da babu lacca. Haifaffen Sudan ne. Kakansa ya baro ƙasar Hausa zai tafi hajji a ƙasa, ya yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Baba muke ce masa.

Kasuwar tana yammacin Omdurman, wajen Umbadda, kuma ta samo sunanta daga kayan da ake shigowa da su daga Libiya ta hamada. Kasuwar 'yan sari ce, a lokacin daga nan manyan motoci ke lodin kaya zuwa Kordofan da Darfur. Saboda haka rigar da ka sayar da safe, bayan kwana kaɗan tana jikin wani yaro a Nyala. Dillalan da ke zuwa daga can ba sa cewa a ba su rigar Hilal ko ta Marrikh. Cewa suke, dozin kaza na shuɗi, dozin kaza na ja.

Baba ɗan Marrikh ne na gani-kashe-ni, kuma daga bakinsa na fara jin tarihin. A 1908 wasu ɗaliban Kwalejin Gordon 'yan unguwar Masalma suka kafa ƙungiyar da sunan unguwarsu. A 1927 aka sauya mata suna zuwa Marrikh, wato jan tauraron nan na sama, don ta zama ta kowa. Ja da rawaya ne launinta, da tauraro a ƙirji, filinta kuma da aka buɗe a 1964 Jar Ganuwa suke kiransa. Hilal ƙanwa ce a shekaru. Ranar 13 ga Fabrairu 1930 wasu matasa 'yan boko suka kafa ta, lokacin da Turawan Ingila ke sa ido kan kowane taron 'yan ƙasa bayan boren 1924, filin ƙwallo ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da samari za su haɗu ba a tuhume su ba. Shuɗi da fari ta ɗauka, da jinjirin wata, takenta kuma Allah, ƙasa, Hilal. Filayen biyu suna unguwar Arda, da ƙafa ake zuwa daga wannan zuwa wancan.

Ban taɓa ganin Baba ya buɗe littafi kan wannan ba. A wurin mai shayi ya ji, a bakin shago yake maimaitawa, yaran shago suna ɗauka. Ni kuwa da yake ɗan Najeriya ne, kullum akwai karatu guda da aka ware mini.

"Ɗana, ka san Bendel United?"

"Na ji sunanta, Baba."

"To mu ne muka ci ta. 1989, kofin zakarun kofuna na Afirka. Ɗaya da nema a nan, canjaras a garinku. Tambayi wancan abin da suka taɓa kawowa."

Wancan ɗin babban ɗansa ne, wanda ya bi kawunnansa ya zama ɗan Hilal. Tsiyar ta samo asali: Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1987 Al Ahly ta Masar ta doke ta, a 1992 kuma Wydad ta Kasablanka. Shi ya sa 'yan Marrikh ke kiran su masu sifiri a waje. Ɗan ba ya ɗaga murya gaban mahaifinsa. Sai ya ci gaba da ninke kaya, ya ce a hankali, "Baba, a ƙirga kofunan lig." A nan kuwa Hilal ce gaba, shi ya sa su ma suke kiran Marrikh 'yan na biyu.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne washegarin da aka doke ɗaya daga cikinsu. Na ɗauka kayan wanda aka ci za su yi kwantai. Ina! Wani mai keke-napep, wanda can suke kira raksha, ya zo da sassafe bayan an lallasa Hilal, ido jawur, ya ce a ba shi shuɗiya ta yaro ɗan shekara huɗu. Ya ɗaga ta a rana, ya duba ɗinkin jinjirin watan, ya ajiye ta ya ce shuɗin ya yi haske, wannan ba nasu ba ne. Sai da aka zaro masa mai duhu daga ƙasan dila ya biya, bai nemi ragi ba. Baba ya dube ni ya ce, "Yau ce ranar da ake sa wa yaro riga. Ranar nasara kowa ma ɗan Hilal ne."

Ba ina cewa komai nasu abin koyi ne ba. Ƙungiyoyin biyu sun danne ƙwallon ƙasar, kusan duk kofunan lig tsakaninsu suke yawo, har Maurada, ta ukunsu a Omdurman, ta koma 'yar kallo. Gabar kan wuce wasa, har ta kai Shugaba Numairi ya rusa ƙungiyoyin ƙwallo a 1976, kafin daga baya ya janye. Amma soyayyar ta gaske ce, kuma ba ta tambayar ƙasar mutum. Da Endurance Idahor, ɗan Najeriya mai buga wa Marrikh, ya faɗi a fili ya rasu a watan Maris na 2010, har shagonmu 'yan Hilal suka riƙa zuwa yi mini gaisuwa, alhali ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Shekarar da ta fi tsaya mini ita ce 2009. Kano Pillars ta fitar da Al Ahly a kofin zakarun Afirka, ta faɗa rukuni ɗaya da Hilal da Marrikh da Zesco ta Zambiya, kuma ita ta zo ta ɗaya a rukunin. Hausawan kasuwar suka shiga tsaka mai wuya, Baba dai ya ce shi jininsa ja ne, a yi masa uzuri. Mutane suka yi ta tambayar rigar nan kore da rawaya ta Sai Masu Gida, babu ko ɗaya. Na ce idan na je hutu zan kawo. A Kano na tarar rigar Chelsea da ta Arsenal sun fi ta garin sauƙin samu, kuma samarin da za su lissafo maka 'yan wasan Manchester United tun daga mai tsaron gida ba su san Raccah Rovers ta garinsu ta ci kofin lig na Najeriya a 1978 ba. Laifin namu ne, mu masu kallo da masu saye.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya gwada abin da na gani. An wawashe Kasuwar Libiya, ta daɗe a hannun dakarun RSF sai a ƙarshen Maris 2025 sojoji suka karɓe ta. Filayen Arda suka daina ganin wasa. Duk da haka ƙungiyoyin ba su mutu ba. Sun je Muritaniya sun buga lig ɗinta a kakar 2024 zuwa 2025, Hilal ta ƙare a sama, ta kuma kai zagayen 'yan takwas a kofin zakarun Afirka, daga nan suka koma lig ɗin Ruwanda. A lokacin babu fili, babu kasuwa, magoya baya sun watsu daga Alkahira zuwa Kampala, amma shuɗin bai sauya ba, jan ma haka.

Pillars a 1990 aka kafa ta, ta ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014. Wannan tarihi ne da ya isa a ba yaro labari. 'Yan kasuwar Kantin Kwari, ku sari kore da rawaya ku rataye a gaban shago inda ido zai gani. Kai kuma mai karatu, idan za ka saya wa ɗanka rigar ƙwallo a sallar bana, ka fara da ta garinku, ka kuma gaya masa shekarar da ta fitar da Al Ahly.