Tuwo da Maƙoƙo a Ƙasar Bakolori

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, shinkafa ta sami wurin zama a akushin mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kusa da tuwon dawa da furar gero da suka gada. A irin wannan ƙasa, duk wanda ya ce ya rabu da hatsi ɗungurungum ya ja wa kansa kallo.

Wani tsohon malamin makaranta a Bakura ya yi haka. Da aka ce sukarin jininsa ya hau, sai ya rantse ba shi ba tuwo, ba shi ba fura, sai nama da ƙwai da zogale. Teɓa ta zube, sukari ya sauka. Amma da aka shekara biyu, sai ga shi yana ƙudundune cikin bargo tun hunturu bai kankama ba, ga kasala, ga cushewar ciki. Tsofaffin gidansu suka shafa wuyansa, suka ce maƙoƙo ne ke tafe.

Wurin da suka taɓa daidai ne, sunan cutar suka kuskure. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tayirod, ita ke saita saurin da jiki yake ƙona abinci. Tana fitar da sinadarin T4, hanta da wasu gaɓoɓi su mai da shi T3, wato mai yin ainihin aikin. Maƙoƙo kumburin wannan tsoka ne, galibi saboda ƙarancin aidin, dalilin da ya sa Nijeriya ta wajabta zuba aidin a gishiri a 1993. Yanke sitaci kuwa T3 yake ragewa. A 1976 Spaulding da abokan aikinsa a Amurka sun gwada masu ƙiba da abinci kaɗan: waɗanda aka hana sitaci gaba ɗaya T3 ɗinsu ya faɗi da kashi 47 cikin ɗari, alhali na waɗanda aka bar wa giram 50 a rana bai motsa sosai ba. Giram 50 kuwa bai wuce ƙaramar malmalar tuwon shinkafa ba.

Har yau masana ba su daidaita ba. Wasu suna ganin tsimin ƙarfi ne jiki yake yi, tun da TSH, sinadarin da ke umartar tayirod, yakan tsaya yadda yake. Wasu kuwa suna ɗari-ɗari, kuma da hujjarsu, domin gwajin makonni ba ya ba da labarin shekaru.

Malamin ya yi gwajin jini a Gusau, aka tarar TSH ɗinsa lafiya lau. Bisa shawarar likita ya mai da malmala guda da dare, yana kuma auna sukarinsa. Fura dai har yanzu bai koma mata ba.