Furar Ranar Talata

Duk wanda ya tashi a Mafara ba ya buƙatar kalanda kafin ya san Talata ta zagayo. Tun daren Litinin za ka fara jin manyan motoci suna tsayawa a bakin titin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, da asuba kuwa kukan jakuna da ƙarar amalanke ne za su tashe ka tun ladan bai sauke kiran assalatu ba. Ai rabin sunan garin ma kasuwar ce ta ba shi. Mutanen Bakura su gangaro da kudaku da albasa, na Maradun su zo da kifi da gero, ƙauyukan da ke tsakani kowa ya ɗauko abin da Allah ya hore masa, kafin hantsi wuri ya cika maƙil, ba masaka tsinke.

Aikina a ranar, lokacin ina ɗan firamare, shi ne riƙe wa kakata kwando. Inna muke ce mata. Matan aure ba su shiga kasuwa a gidanmu, saboda haka cefanen mako na gidan gaba ɗaya a wuyanta yake, ita kuwa ba ta san gaggawa ba. Sai ta taya tiyar gero a wuri uku, ta tauna ƙwaya, ta tofar, ta ce bara ce, sannan ta koma wurin na farkon ta saya. Ladana ba kuɗi ba ne. Hoce ne da safe, tuwo da azahar, fura da la'asar, kuma wallahi har yau da na zaga garuruwa ban ga albashin da ya kai wannan daɗi ba.

Mai karatu in Bakano ne na san ya fara murmushi da jin an ambaci hoce, don da shi kuke mana tsiya. To ku yi ta yi. Dawa ce ake niƙawa a kwaɓa, a bar ƙullin ya kwana ya yi tsami, a gasa shi har bayansa ya yi ƙarfi. A marmasa shi a kwano, a zuba garin ƙuli da ɗan man gyaɗa da albasa da yaji, shi ke nan an yi datu. Manomin da ya ci wannan da safe zai kai la'asar a gona bai waiwayi gida ba, kuma hoce yakan yi kwanaki a cikin jakar matafiyi bai lalace ba. Wanda ya ƙirƙiro shi ya san yunwa, ya kuma san tafiya.

Kwanakin baya wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila yake ba ni labarin irin gidajen abincin da ake yayi a can, waɗanda ke alfahari da cewa duk abin da suka ɗora a wuta daga gonakin kusa ya fito, har sukan rubuta sunan gonar a takardar abinci, ba su zubar da saura, kuma kuɗinsu ya ninka na saura. Ya ce har da ƙananan wuraren da ake haɗa giya ta unguwa. Na ce masa wannan ta ƙarshen dai mu an rufe mana babinta tun da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau cikin watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Amma in maganar jiƙa hatsi ce a tsirar da shi a bar shi ya kwana, to kowace unguwa a Mafara tana da gwanarta, sai dai abin da ke fitowa daga randarta kunun zaƙi ne: gero ko dawa, da ɗan tsiro, da busasshen kudaku, da citta da kanumfari. Kuma kowace da hannunta. Da kurɓi ɗaya muke gane na gidan wane ne.

Sauran bayanin nasa kuwa dariya ya ba ni, don siffanta mini rumfar wata tsohuwa mai tuwo kawai yake yi, wadda ke bayan 'yan hatsi, inda Inna ke ajiye ni in ta gaji da surutuna. Shinkafarta 'yar gida ce, daga filayen Bakolori, matan gari suka turara ta suka shanya. Man gyaɗarta daga hannun mai ƙulin da ke kusa da ita, daddawarta ta kalwa, surenta daga bayan gari, kifinta busasshe daga wajen Maradun. A akushi ake zuba maka, ka wanke hannu a ƙwarya. Ƙanzo a jiƙa wa almajirai, ruwan wankin hatsi na awaki, tokar murhu ma akwai masu zuwa ɗiba. Ba ta taɓa jin sunan wani tsari ba, talauci da hankali ne suka koya mata. Yanzu kam leda ta ci kasuwar, tuwo a leda, miya a leda, kunu a robar lemon da wani ya sha ya yar, in iska ta taso da yamma sai ka ga ledoji na shawagi kamar shirwa.

Sai dai Inna ba ta cin shinkafar nan ba tare da ta yi tsaki ba. Takan ce shinkafar Bakolori da jini aka biya ta. Ban gane ba sai da na girma. An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, ruwa ya shanye gonaki da gidajen dubban mutane a ƙasar Maradun, waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara. Manoma suka yi ta neman diyya, suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Abin da ya faru a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin kuwa ɗaruruwa suke lissafawa. Ƙanin Inna yana cikin waɗanda suka tsira da ƙafafunsu, bai ƙara noma a wurin ba har ya koma ga Allah. Duk da haka ruwan nan ne ya sa muke cin tumatir da ɗanyar masara a tsakiyar rani. Haka abin yake, ba yadda za ka raba su.

Amma ba don tuwo ko hoce na ɗauki alƙalami ba. Don fura ne.

A gefen kasuwa, ƙarƙashin wasu itatuwan dogon yaro, nan Fulani mata ke jera ƙoransu, kowace an rufe da faifai mai ado, ludayi a kai. Inna ba ta taya nono a wuri uku kamar gero. Wuri ɗaya take zuwa, wurin wata Bafillatana doguwa mai tsaga a gefen baki, wadda rugarsu ke can wajen dajin Maradun. “Ƙawa” suke kiran juna, ban taɓa jin ɗaya ta kama sunan ɗaya ba. Inna takan zo da furarta daga gida, wadda aka surfa geron aka daka da citta da masoro da barkono, aka dafa aka kirɓa tun da safe, ita kuwa ƙawar ta zuba kindirmo ta dama mana. Sai an yi faɗa tukuna. Inna ta ce, “Yau ma kin sa kuka cikin nonon ga, ina jin tsaminta.” Ita ko ta ce, “Ke dai Kaɗo ba ya gode Allah, geron naki ma tsakuwa ɗai na.” Su yi dariya, a miƙo mini ludayi.

Sau da yawa kuɗi ba ya shiga tsakaninsu. Tiyar gero ta tafi ruga, nono da curin man shanu su zo gida. Bayan girbi mijinta yakan kawo shanunsu su kwana a gonar kakana wajen mako biyu, su ci kara su bar taki, har kakan nawa ya ƙara musu da dami. Ranar sunan ƙanwata da ƙwaryar nono ta zo tun daga ruga, a ƙasa, ta kwana a ɗakin Inna. Ina yaro ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ban lura cewa abin da nake sha rabi noma ne rabi kiwo ba, kuma in ɗaya ya janye hannu, abin da ya rage ko dai gaya ne ko tsala.

Kowa ya san abin da ya biyo baya, ba sai na tsawaita ba. Satar shanu, sai 'yan sa-kai, sai 'yan bindiga, sai ramuwa a kan ramuwa. Shekarar 2021 ta fi tsaya mini a rai don duk garuruwan nan uku sai da ta taɓa su: 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairu, kwalejin aikin gona ta Bakura a Agusta, ɗaliban Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba. Gwamnatin Bello Matawalle, shi ma ɗan Maradun, ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. Ina Kaduna a lokacin, makonni ban ji muryar kowa nawa ba. Da aka samu magana, abin da ƙanena ya fara ce mini shi ne, “Yaya, Talata ta zo ta wuce kamar Laraba.” Inna ba ta ga wannan ba, Allah ya riga ya karɓi abarsa.

Bayan an buɗe kasuwanni na je gida, na ce sai na sha furar Talata. Ɗan kawuna ya raka ni. Ya kai ni wani shago mai firiji da injin markaɗe, yaro ya jefa curi biyu, ya zuba wani farin abu daga bokiti, ya kunna inji. Sanyi kam akwai, zaƙi ma har ya yi yawa. Na tambayi yaron nonon ina ne, ya nuna mini buhun madarar gari a bayan ƙofa, ko kunya babu, don shi bai ga abin kunya ba. Madarar da aka tatsa a wata ƙasa mai nisa, aka busar, aka ɗoro a jirgin ruwa zuwa Legas, ita ake kwaɓawa a kwana da ita a kira ta nono, a garin da shanu ke kwana a gonakinsa.

Na ce mu leƙa ƙarƙashin dogon yaro. Ɗan kawun nawa ya ɓata rai. Ya ce in rufa wa kaina asiri, yanzu duk wanda aka ga yana doguwar hira da mutanen daji sai a ce infoma ne. Ba zan ga laifinsa ba, kada mai karatu ma ya gani. Ƙaninsa aka ɗauka a gona da damina, sai da aka sayar da amfanin shekara da shanun huɗa biyu kafin a karɓo shi, har yau yaron in ya ji ƙarar babur da dare sai ya zabura. A ƙauyen matarsa sai an biya kuɗi kafin a bar mutane su girbe abin da suka shuka da hannunsu.

Muka bi ta wurin dai. Inda ƙorai ke yin layi biyu, mata huɗu na ƙirga. Ta ukun ita ce. Ta tsufa, ta rame, tsagar ta shige cikin tamoji, amma ita ce. To ga abin da ya sa na yi wannan rubutu: na gan ta, na gane ta, na kawar da kai na ci gaba da tafiya. Ni da na sha nononta shekara da shekaru. Na yi taku kamar biyar sai na ji an ce, “Jikan ƙawa, ba ka gaisuwa?”

Na dawo na durƙusa, na ce, “Gwaggo, ina wuni.” Kunya ta hana ni ɗaga ido. Ta tambayi Inna, na ce ta rasu. Ta yi shiru, ta yi mata addu'a, ta ce ta ji a jikinta, don da tana da rai da ta aiko. Na tambayi mutanen gida. Ta ce maigidan ya rasu, shanun an kore su dare ɗaya, ba ta ce wa ya kore su ba, ni ma ban tambaya ba. Ɗanta guda ya tafi kasuwa wani gari bai dawo ba. Yanzu a gefen gari take zaune wurin 'yarta, nonon ma sarowa take yi wurin masu 'yan shanun da suka rage. “Can daji a ce muna tare da ku,” in ji ta, “nan gari a ce muna tare da su.”

Ɗan kawuna yana tsaye nesa kaɗan, ya juya mana baya, yana duba waya. Ta ɗauko wata 'yar ƙwarya ta ɗauraye, ta jefa curi ɗaya, ta zuba nono ta dama da ludayi a hankali kamar yadda ta saba. Na sha. Akwai tsami, akwai gardin gero, akwai ɗan ƙamshin hayaƙin nan da ba ya fita daga ƙwaryar Fulani. Na so in ce mata ta sa kuka, don in ji ko za ta rama, bakina ya kasa.

Na ciro kuɗi, ta ture hannuna. Na nace, ta ce in ba so nake ta yi fushi ba in mayar. Sai ta ƙara nono a ƙwaryar ta rufe da faifai, ta ce in kai wa yaran gida, in dawo mata da ƙwaryarta Talata mai zuwa.

Ranar Alhamis na koma Kaduna, hutuna ya ƙare. Na bar wa ƙanena saƙo da ɗan abin da ya sawwaƙa ya kai mata, ya je Talata biyu bai same ta ba, matan wurin suka ce sun tashi, wasu suka ce Nijar, wasu suka ce wajen Kwara. Da na koma da Babbar Sallah na sake dubawa, mata biyu ne a ƙarƙashin itacen, ba wadda ta san ta. Ƙwaryar da faifan na taho da su, suna nan a kan kabad a ɗakina. Uwargida ta tambaye ni sau biyu ko ta zuba gishiri a ciki, na ce ta bari, ta mutane ce.