Tsakanin Kuka da Kuka

Muna sakandare a Birniwa, mun iya rubuta Turanci, amma ba mu san gaɓar da ake danna wa murya ba. Jarrabawar WAEC kuwa sai ta tambaya. REcord suna ne, reCORD aikatau. Mu dai canki-canka muke yi, alhali in babu kiredit a Turanci, babu jami'a.

Wata rana malaminmu ya rubuta "kuka" a allo, ya ce mu karanta. Wasu suka faɗi ta miya, wasu na jariri. Ya yi murmushi, ya ce kunnen da ya raba waɗannan biyun zai iya raba waɗancan.

Daga ranar muka rage haddar ƙa'idoji, muka koma sauraro. Ashe kunnen, tun daga gida muka zo da shi.