Mudun Kaka

Kakata ta bar duniya tana da yaƙinin cewa Ingila ƙasar Almasihu ce. Ba ta taɓa wuce Kaduna ba, amma hujjarta a ƙofar gidanta take. A Wusasa aka haife ta, inda 'yan mishan suka koma daga birnin Zariya a 1929, suka kafa majami'a da asibiti da makaranta. Littafi Mai Tsarki na Hausa da take ajiyewa ƙarƙashin matashinta, wanda aka fara bugawa a 1932, da hannun Likita Walter Miller a fassararsa. A ganinta, rijiyar da aka ɗebo irin wannan ruwa ba ta ƙafewa.

Ran da zan tafi karatu can, ta kama hannuna ta ce, "Maigidana, in ka isa ka auna mini yadda suke bin Ubangiji, ka zo ka ba ni labari." Na yi dariya, na ɗauka wasan jika da kaka ne.

Lahadin farko na shiga wata majami'ar dutse da za ta ɗauki jama'ar unguwarmu duka. Ba mu kai ashirin ba, kusan rabinmu kuma baƙi ne daga Afirka. A kan titin da nake bi zuwa makaranta akwai wata da aka mayar shagon sayar da darduma. Ƙidayar 2021 ta tabbatar da abin da idona ya gani: a karon farko, waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales ba su kai rabi ba, kimanin 46 cikin 100. Ba zan ɓoye ba, wani daɗi ya kama ni. Na tuna majami'unmu da ake shimfiɗa benci har waje, na ce a raina gadon ya dawo hannunmu.

Da sanyin hunturu ya kankama, ciwon ciki ya kayar da ni cikin dare. Motar asibiti ta zo, aka yi mini aiki kafin rana ta faɗi. Babu wanda ya tambaye ni kuɗi a bakin ƙofa. Gaskiya ne na biya kuɗin lafiya tun lokacin neman biza, amma dattijon da ke gadon kusa da ni, wanda ya ce a titi yake kwana, da me ya biya? Tun 1948 suka kafa tsarin da haraji ke ɗauke da jinyar kowa. Ina kwance sai baffana ya faɗo mini a rai. A kan bencin wani asibiti a gida ya cika, muna ta zarya muna haɗa kuɗin da aka ce sai an ajiye kafin likita ya taɓa shi. Ma'aikacin da ya mayar da mu daga tagar biyan kuɗi yana sanye da gicciye a wuya. Ban riƙe shi a zuciya ba, doka aka ba shi. Amma wa ya rubuta dokar, kuma ina yake sujada ran Lahadi?

Daga gadon nan na juya hukuncina gaba ɗaya. Na ce waɗannan mutane sun bar majami'a amma sun tafi da Bisharar, sun zuba ta cikin doka da haraji. Wannan hukuncin ma bai yi wata uku ba.

Maƙwabcina wani tsoho ne, bango ɗaya ya raba mu. Gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Sai da wasiƙu suka taru a ƙofarsa kusan mako biyu aka fasa ɗakin aka tarar da gawarsa. Hukumar gari ce ta binne shi. An ce fanshonsa bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ni kuwa, ɗan Wusasa, da na taso inda ba a wuni ba a leƙa tsohon da bai fito ba, ban ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Cikin wata shida na koyi shirun garin. Lokacin rasuwar baffa, matan zumunta sun zo da tukwanensu tun asuba, maƙwabtanmu Musulmi suka zauna tare da mu a kan tabarma har aka watse. Sai dai dole in ƙara da cewa mun fi iya zaman makoki da jinya, domin abin da aka kashe a hidimar jana'izarsa ya ninka abin da asibiti ya nema.

Tun daga nan na daina ƙirga kawuna a majami'a. Da yawan masu sujada ne ma'auni, da Ruwanda ta 1994 ta tsira, ƙasar da kusan tara cikin goma na mutanenta Kirista ne, amma aka yanka dubbai a cikin majami'un Nyamata da Ntarama inda suka gudu neman mafaka. Mafakar da ta riƙe mutanenta kuwa, a Filato na ji labarinta. A watan Yunin 2018, da maharan suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba da su. Misalin Basamariye da aka koya mana a makarantar Lahadi ke nan, da ƙurarsa da jininsa, kuma a can ma wanda ya tsaya ba ɗan gida ba ne. A wace ƙasa zan lissafa wannan liman, a kuma wane mudu?

Na dawo na tarar da Kaka ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, amma ba ta manta da aikenta ba. Ta shafa fuskata ta ce, "To, maigida, yaya ka same su?"

Na daɗe ban amsa ba. Tsohon bayan bango yana kan harshena, da shagon darduma. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Kaka, suna jinyar marasa lafiya, ba sa tambayar kuɗi."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ai na faɗa maka." Sannan ta aike ni in leƙa maƙwabciyarta, wai tun safe ba ta ji motsinta ba.