Littafin dauri

Jiya ina laluben wata takardar gona a cikin adudun marigayiya Inna, sai hannuna ya faɗa kan wani ɗan littafin makaranta mai shuɗin bango, gara ta ci gefensa, yana ƙamshin sandaliya da turaren wuta irin na tufafin da suka daɗe a rufe. Na buɗe. Rubutuna ne, rubutun yaro mai son a ce ya iya, kowane harafi da jelarsa.

Ashe ni ne magatakardan dauri. Na manta.

Dauri muke ce wa gasar, yadda rediyon Omdurman ke faɗa, kuma duk lokacin da kalmar ta fita daga bakinmu sai kakata ta yi dariya, don ita a wajenta dauri zamanin iyayenta ne, waɗanda suka taka da ƙafa daga Burmi har suka sauke kaya a Mai Wurno. Ƙwallo kuwa kura muke ce mata. Ran da ta fara ji na ce za mu je buga kura, tafa hannu ta yi ta ce, "Kai ɗan nan, ku da wane sanda?" Har ta koma ga Allah tamaula take cewa.

Shekarar 1976 ce, wadda Numairi ya rufe kulob-kulob, rediyon Baffa ya daina kiran Hilal da Marrikh da yammacin da muka saba. Mu da muka tashi da labarin kofin Afirka na 1970, muna iya kwatanta yadda Hasabu Sagir ya jefa wa Ghana ƙwallon nan ɗaya tilo kamar a gabanmu aka yi, alhali ko Khartum ba mu taɓa gani ba, sai muka wayi gari ba abin yi wa gardama a gindin rakuba. To, da aka gama yankan dawa, samarin ƙauyuka shida na bakin kogi suka haɗa kai, kowane ƙauye ya kawo fam ɗaya, aka aika Sinnar aka sayo ƙwallon fata mai igiya a baki da wani kofi na gwangwani mai kunne biyu. Ni ƙafata ba ta da kirki, ko a dafuri na ƙwallon safa ni ake bari a ƙarshe in ana zaɓe. Sai aka ba ni littafi.

Ina mamakin yaron nan yanzu. Dubi yadda ya ja layi da bakin allo, ya jera wasa goma sha biyar, kowane ƙauye zai gamu da kowane, ya bar gurbin maki, har da gurbin sunan wanda aka kora. Ko limamin Juma'a bai riƙe littafin huɗuba da girman kan da ya riƙe wannan ba. A gafaka yake sa shi tare da izu biyar ɗinsa, in Malam ya gani a sha carbi a ka.

Filinmu baƙar ƙasa ce mai tsagewa da rani, tsagar da ƙafar yaro ke iya shigewa har idon sawu, shi ya sa kafin kowane wasa sai mun bi da kwando muna cike ramuka da toka da kashin shanu. Da tokar kuma muke ja layi. Raga babu, sai itacen gabaruwa biyu da igiyar kaba a sama, kuma a kan igiyar nan aka yi rabin rigimar duniya, ta bi ta sama ko ta bi ta ƙasa. Baffa ne hakam, da usur ɗinsa na lokacin da yake aikin jirgin ƙasa, mai ɗanɗanon tsatsa, na sani don na taɓa sata na busa. Ƙwallon kuwa da kitsen akuya ake shafe ta, tana wari, in ta sha ƙaya a cire robar ciki a liƙa da facin keke, jama'a na zaune suna jira, mai agashe na ta fifita wuta, 'yan mata na zagawa da ƙoren godo-godo.

Ranar da muka ƙetare zuwa Shehu Talha ita ta fi zama mini. Kwalekwale biyu, asuba da sanyi, 'yan wasa sun ƙudundune a cikin barguna, ni ina tsakiya na ɗaga gafaka sama da kaina kada ruwa ya taɓa. An ci mu uku da ɗaya. A littafi na rubuta ɗayan da girma, ukun ƙanana.

Wasa na goma sha ɗaya shi ne na ƙarshe da ke da maki. Auduga ta buɗe a Jazira, motar safinja ta zo ta tsaya a bakin kasuwa tana huci, aka loda tabarmi da tukwane da mai tsaron gidanmu da 'yan bayanmu biyu, aka tafi lagit, wato tsintar auduga. Muka ce in sun dawo. Da suka dawo zafi ya hana kowa motsi, daga nan damina ta mai da fili taɓo mai cire takalmi, kafin ƙasa ta bushe Hilal da Marrikh sun dawo cikin rediyo. Yayana, wanda muke kira Jaksa saboda yadda yake juya ƙugu, ya bi ta Sawakin ya wuce Jidda. Ba wanda ya ce an fasa. Ba a dai sake busa usur ba.

Kofin yana ɗakin Baffa shekara da shekaru, a kan taga, yana zuba allurai da maɓallai a ciki. Na taɓa tambayarsa, "Baffa, wa za a ba?" Ya ce, "Kai ke da littafi, duba mana."

Jiyan na duba. Ƙauyuka biyu ne kunnen doki a sama, kuma wasan da ke tsakaninsu yana cikin layuka huɗun nan da ba a cike ba. A gefen layin, da fensir, yaron ya rubuta: Juma'a bayan la'asar, a zo da toka.