Take da Hayaniya a Bakin Kwara

Dattijon ya shafe shekaru yana kaɗa wa 'yan dambe kalangu a Yelwan Yawuri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, kuma bai taɓa ɗaukar hayaniyar 'yan kallo a matsayin kishiya ba. Shewa da ihu su ne gishirin fage. Ranar da ya sauya ra'ayi wata yammaci ce ta kaka, da samari suka zo kallo riƙe da ƙahonin roba irin na masoya ƙwallo.

Ya saki taken wani ɗan dambe daga Ngaski, ya maimaita har sau uku. Yaron yana zaune a gefen fage, hannu a naɗe, bai ko motsa ba. Nan take aka fara raɗe-raɗin cewa tsoro ya kama shi. Alhali bai ji ba ne: busar ƙahoni ta haɗiye muryar kalangu.

Wanda ya san dambe ya san girman wannan ɓarna. Take suna ne da aka ɗora wa fata da tsarkiya, kuma kira ne da ba a ƙin amsawa. Da shi jikin ɗan wasa ke tsuma, ya miƙe ya yi kirari, abokin karo ya fito. Ko shaharar Shago ba ta rabuwa da kiɗan Ɗan Anace. Wanda aka kaɗa wa takensa a bainar jama'a ya yi shiru, ya zubar da abin da ya fi faɗuwa ciwo.

Wasu al'ummomi sun sha fama da irin wannan. A 1987 aka raba wa 'yan kallo ƙahoni a wani wasan hoki na kan ƙanƙara a kwalejin Rensselaer da ke jihar New York ta Amurka. Ƙarar ta yi yawa har hukumar wasannin kwalejoji ta ƙasar ta hana amfani da kayan ƙara a irin waɗannan wasanni. Haka kuma bayan gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta haramta vuvuzela a gasanninta. A can, ana kare usur ɗin alƙalin wasa ne da muryoyin 'yan kallo.

A ƙasar Hausa dokar sauti ta girmi takarda. Ba a busa wa talaka kakaki, ba a kaɗa tambari don nishaɗi, kuma kowace sana'a da kiɗanta. Kowane sauti yana da mai shi, da lokacinsa, da wanda yake kira. Ƙahon roba ya shigo ba shi da ko ɗaya: kowa na iya saye, kowa na iya busawa, kuma ba ya ambaton kowa.

Dattijon ya sauke kalangunsa, ya je ya durƙusa gaban Sarkin Dambe.

"Ranka ya daɗe, ban ce a kore su ba. Su busa idan an yi kisa. Amma in na kira mutum, a bari ya ji sunansa."

Aka yi shela, fage ya lafa. Ya sake ɗaukar taken, yaron Ngaski ya zabura ya miƙe. Ya sha kaye a turmi na biyu, amma ya koma gida ba wanda ya kira shi matsoraci.